Mun Binne Baba Ba Mu Gaya wa Yaya Ba

Na Allah ne mu, kuma duk nisan da neman abinci ya kai bawa, wajensa zai koma. Baba, mahaifin maigidana, ya koma wata Laraba da hantsi a gonar da yake gadi a Umm Salal, a wajen birnin Doha. Ya zauna a kujerarsa ta bakin ƙofa, ya ce wa mai ban-ruwa ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Washegari bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

Gidanmu na Al Wukair ɗaki biyu ne da falo, har yau ban san yadda ya ɗauki mutanen da ya ɗauka ba. Masu gadi suka riƙa zuwa da kakinsu a jiki, wanda ya tashi daga aiki ya biyo kafin ya je ya kwanta, wanda zai shiga ya roƙi direban bas ya ɗan jira shi. Wani direba ɗan Kumasi ya zauna a dokin ƙofa ya ƙi hawa tabarma, wai kiran ƙarshe da Baba ya yi masa bai ɗauka ba. Kafil ɗin Baba, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, dattijon Balarabe mai dogara sanda, ya zo da kansa, ya riƙe hannun maigidana ya daɗe bai saki ba, ya ce duk shekarun da Baba ya yi a ƙofarsa ko dabino ɗaya bai taɓa yin ƙafa ba. Kawu kuwa, ƙanin surukata, wanda babu wanda ya kai shi yi wa Baba gardama, kuka ya yi har hularsa ta faɗi. Yana share fuska yana cewa yanzu wa zai zaga ya rama.

Umma, surukata, ta kira daga Malumfashi. Ba ta yi kuka a waya ba. Ta tambaya ko ya samu sallar asuba, aka ce ya samu, ta yi hamdala. Sai ta ce a ba ni wayar, ta ce, "Yayarku fa? Wa ke riƙe da ita?" Na ce an aika mata, tunda abin da aka gaya mini ke nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina kicin ina zuba wa masu gaisuwa shinkafa, na ji tsayuwar tasi. Yaya ce, babbar 'yar Baba, da kwalliyarta ta coci, ɗaurin ɗankwali ya tashi sama, ta rungumo kula cike da kifi. Tun daga waje take mita da Hausarta mai ɗan gargada, wai an shanya ta a rana tana jiran Papa, wayarsa a kashe, ƙanenta kuma ba ya ɗauka. Sai ta ga takalma jibge a bakin ƙofa. Ta tsaya tana kallonsu. Ta ɗago ta dubi idona.

Ta ce, "Matarmu, wa ya mutu?"

Matar Kawu ce ta leƙo daga ɗaki ta ce ai ita ake ta jira, tun jiya aka kai shi.

"Aka kai wa?"

Ta sunkuya ta ajiye kular a hankali kamar mai ajiye jariri. Ta tambaya ko an riga an rufe shi, maigidana ya fito daga cikin maza, ya ɗaga kai kawai. Ba ta yi kuka ba. Wallahi da ta yi kuka da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, tana nufin unguwar da take zaune, "Ina Al-Sadd. Nan da Al-Sadd." Ta juya, mai tasin bai ma kai ga fita daga layinmu ba, ta tsayar da shi ta shiga. Kular nan ta wuni a bakin ƙofa, ƙanƙara ta narke ruwa yana bin ƙarƙashin takalman mutane, an rasa mai ƙarfin halin ɗauke ta.

Zan faɗi yadda aka yi, don kada wani ya ɗauka mugunta ce. Kowa ya san a wurinmu ba a gaya wa mace mutuwar uba ta waya. Babbar mace ake aikawa, ta je ta zauna, ta sha ruwa, ta yi 'yan kewaye-kewaye, sannan ta faɗa tana riƙe da ita. Tausayi ne ya kawo al'adar. Da labari ya iso ranar Laraba, Kawu ya ce kada wanda ya kuskura ya kira Yaya, matarsa za ta je. Maigidana ya bi kafil neman takardun asibiti da na hukuma, hankalinsa ba ya jikinsa. Matar Kawu ba ta san ɗakin Yaya ba, ba ta kuma da mai kai ta a ranar, sai ta ce a ranta ai nas ce, gawa kuma tana asibiti, ta riga kowa ji. Ba ta san Yaya ƙaramin asibitin kuɗi take aiki ba, ba babban da aka kai Baba ba. Sanarwa ta zagaya a wayoyin 'yan masallaci da na ƙungiyar 'yan garinmu, Yaya ba ta cikin ko ɗaya. Da safiyar Alhamis da na ga shiru na saci jiki na kira ta, wayar tana kashe tana bakin aiki. Da ta ga kiran daga baya ta ɗauka zancen cefanen Juma'a ne, don duk Alhamis sai na kira ta a kan haka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da ba a gan ta ba, mata suka fara raɗa: to ai ka ji, addini ba ɗaya ba, wataƙila nasu zaman makokin daban ne. Muka yi mata fassarar rashin zuwa, alhali ba ta ma san an yi rashi ba.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina tsoron a manta da Baba, ina kuma tsoron abin da ya fi wannan, wato 'yar da ya ƙare rayuwarsa yana jawowa cikin gidansa, mu mu kore ta da hannunmu a rana ɗaya.

Baba tsohon soja ne. 'Yan'uwansa masu gadi Baban Kirik suke ce masa, don mafi yawan aikinsa a kirik ya yi shi, wato waɗannan ƙananan hanyoyin ruwa na kudancin Najeriya inda itatuwa ke tsaye da saiwoyinsu a cikin ruwa, ba a zuwa ko'ina sai a jirgi. Yana saurayi aka fara kai shi can. Can ya auri mahaifiyar Yaya, 'yar masunta, ya sa wa jaririyar sunan mahaifiyarsa, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata. Matar ta rasu yarinya tana tatata, a lokacin kuma aka yi masa canjin wurin aiki. Kakar yarinya ta riƙe ta ta ce ba za a raba ta da abin da 'yarta ta bari ba. Baba ya ce yana cikin jirgi yana hangen su a bakin ruwa, tsohuwa da yarinya a goye, har kwana ta ɓoye su. A hannun kakar ta tashi, a cocinsu, da yarensu. Hausa sai hutun makaranta ta koya, in an kawo ta bariki wajen Umma, wadda ta riƙe ta kamar ita ta haife ta.

Daga baya, lokacin da samarin can suka ɗauki bindiga a kan rikicin mai, aka sake mayar da shi ruwan nan dai, wannan karon da yaƙi. Bai cika son zancen ba. Sau ɗaya na ji ya ce duk wanda aka kamo sai ya fara duba fuskarsa, yana tsoron ya ga hancin mahaifiyar Yaya. Dangin uwarta suka ce mata ta zaɓa, ko su ko sojan da ke ƙona musu jirage. Ta ƙi zaɓa. Har yau akwai kawunnenta da ba sa amsa gaisuwarta saboda shi. Wannan ita ce matar da muka ce wataƙila ba ta damu ta zo ba.

Ita ta fara zuwa Doha da aikin nas. Baba ya yi ritaya, yana da gonarsa da jikokinsa, sai kawai ya ce zai tafi gadi ƙasar Larabawa. Mutane suka yi ta mamaki, tsoho da furfura me ya rasa. Ya ce wa Umma ya taɓa barin yarinyar nan a bakin ruwa sau ɗaya, ba zai bar ta a bakin wani ruwan ba. Bayan ya zauna ne ya nema wa maigidana aiki, shi kuma da hali ya samu ya ɗauko ni da yara.

Mutum ne dogo, siriri, mai tafiya kamar ana buga masa ganga. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Duk shekarunsa a garin nan bai taɓa yarda an kai shi bakin teku ba. Yara su yi ta roƙo a je Wakrah a ga jiragen ruwa, sai ya ce shi ya ga rabonsa na ruwa har da na jikokinsa. In ya ji ƙarar injin jirgi ko a talabijin ne, sai ka ga ya daina tauna. Amma kifi, tabɗi. Ya fi masunta sanin kifi. Ya ɗaga shi ya duba ido, ya ce wannan tun shekaranjiya ya yi sallama da duniya, a mayar wa mai shi.

Kuma ba ya barin mota ta tashi sai ya ƙirga kawuna. Ko mu biyar ne, ko kowa na ganin kowa, sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana nunawa da carbi. Maigidana ya ce, "Baba, yalla mana, mu tafi, ai mun cika." Shi kuma ya ce, "Kai ka ce mun cika. A kirik in ka tada jirgi ka bar mutum, ba ka dawowa ka same shi." Yara har wasa suka mayar da abin, ƙaramar ta ɓuya a bayan kujera don ya ce saura ɗaya. Mutumin da ya yi wannan duk rayuwarsa, shi aka tada motar gawarsa babu wanda ya tsaya ya ƙirga.

Ni suruka ce, tsakanina da shi kunya ce. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye abinci, na bar wurin. Amma shekarar da na zo, na yi ɓari, ga kewar gida, ga zafin da ban taɓa jin irinsa ba, ga maigida yana fita tun asuba. Na kwanta na daina cin abinci. Wata rana na ji motsi a kicin, na lallaɓa na leƙa, sai ga Baba ya naɗe hannun riga yana yanka albasa. Na rasa inda zan sa kaina. Bai juyo ba, ya ce, "Koma ki kwanta, 'yata. Soja ba shi da suruka, mara lafiya yake da shi." Farfesun kifi ya yi mini irin na mutanen kudu, yaji har kunne. Ya ajiye a bakin ƙofar ɗaki, ya koma falo ya zauna, ya ce ba zai tafi ba sai ya ji ƙarar cokali a gindin kwano. Bayan nan ya roƙi kafil ɗan gefe a gona ya shuka mini zogale da yakuwa da rama. Duk Juma'a da ƙullinsa yake zuwa, ya miƙa wa jikarsa ya ce a kai wa uwar masu gida, kada ta ce Doha ba ta da miya.

Juma'a ce ranarsa. A nan coci ma ranar Juma'a ake yi, tunda ita ce ranar hutu. In an sauko daga masallaci sai ya sa maigidana ya bi da shi ta wajen cocin su Yaya, ya fito daga mota ya tsaya a gefen hanya da babbar rigarsa har ta fito. Wannan ne ya haɗa shi faɗa da Kawu. A gabanmu Kawu ya ce, "Alhaji guda, da gemu da carbi, ka je ka tsaya a ƙofar coci kamar mai jiran a raba burodi. Mutanenmu suna wucewa suna ganinka." Baba ya ci gaba da cire ƙayar kifi, ya ce, "Direban mota mai AC, kai da ba ka taɓa jiran kowa a rana ba. Ranar da Allah zai tambayi yarinyar nan, ni zai tambaya, ba kai ba." Kawu ya ce sojan ruwa dai ba ya jin magana, Baba ya ce da yana jin magana da tuni kifaye sun cinye shi. Suka yi wata guda ba sa gaisawa sai ta bakin yara. Da suka shirya ma, ba wanda ya janye maganarsa.

Kada a ɗauka bai damu da addininta ba. Ya damu, damuwar da ke hana shi sukuni. Wani azumi ta zo ta yi masa girkin buɗa-baki da hannunta, ya sha ruwa, ya dube ta ya ce, "Uwata, ina tsoron mu rabu a can." Ta ajiye cokali. Ta ce, "Papa, lokacin da ake koya mini addu'a kana ina?" Ta ɗauki jakarta ta fita. Juma'o'in da suka biyo baya ya ci gaba da zuwa yana tsayawa a wurin nan. Ta fito ta gan shi ta wuce ta hau tasi, shi kuma ya ɗaga mata hannu kawai ya koma mota. Haka suka yi ta yi har ranar da ta buɗe ƙofa ta shigo ta zauna, ta ce tsoho zai kashe kansa da rana a ɗora mata laifi. Bai sake yi mata zancen ba. Amma ɗakin da yake sallah a gidanmu bango ɗaya ne da kicin, na sha jin yana ambatonta a sujada. Ni ma ina yi mata wannan addu'ar, ba zan ɓoye ba.

Shi ya ce a gaggauta binne shi. Ya sha faɗa wa maigidana cewa inda ya faɗi nan za a rufe shi, kada a ajiye shi a firij ana jiran jirgi. Ya ce a kirik sun binne wani abokinsa Bakatsine, rami kana tonawa ruwa yana cikawa, sai da suka danne shi da itace. Tun daga ranar, in ji shi, babu abin da yake roƙo irin busasshen kabari da saurin shiga cikinsa. An cika masa wannan. Saurin ne kuma ya hana kowa tsayawa ya waiwaya.

Bayan Juma'ar nan Yaya ta daina ɗaukar wayar kowa. Umma da ta ji abin da ya faru, maganar da ta yi wa maigidana ban taɓa jin ta yi wa ɗa irinta ba. Ta ce da ba takaba ta ɗaure ta ba da ta taho da ƙafa. Kawu ya ce a ba ta lokaci, mace ce, za ta huce. Matarsa ta kwanta ciwo. Maigidana ya je ƙofar ɗakinta ya buga ya gaji. Ni na rasa ci, na rasa sukunin sallah, in na ɗaga hannu zan yi wa Baba addu'a sai in ji kunyarsa ta rufe ni, kamar yana tsaye yana tambayata ina Uwata.

Da abin ya ishe ni na bar yara wajen maƙwabciya, na hau tasi zuwa asibitinsu, na zauna a layin marasa lafiya har ta fito. Ta rame, farar rigar aikin ta yi mata yawa. Ta ja ni bayan gini inda inuwa take. Ta ce ta ajiye aiki, khalas, shi ke nan, gida za ta koma, ba abin da ya rage mata a garin nan. Na durƙusa a kan siminti mai zafi na riƙe ƙafarta. Ta ce in tashi kada abokan aikinta su gani. Sannan ta ce abu ɗaya take so. A garin mahaifiyarta 'yar fari ce ke fara zuba wa uba ƙasa. In ya mutu a nesa, ita ke ɗebo ƙasar kabarinsa ta kai gida ta zuba kusa da uwa. Wadda ta koma hannu wofi, shi ke nan an tabbatar ba ta da uba.

Ta ce, "Kun hana ni fuskarsa. Ku ba ni ƙasarsa, ko cikin tafin hannu ne. Kawunnena suna jira su ce da ma sun gaya mini."

Duk Bahaushe ya san su wa ke ɗibar ƙasar kabari da abin da suke yi da ita. Na san Yaya ba wannan take nufi ba, na sani har cikin raina, amma da na kawo maganar gida sai da hankalin kowa ya tashi. Kawu ya ce to ga irinta nan, abin da yake faɗa ke nan tun Alhaji yana da rai. Maigidana ya je ya tambayi malamin masallacinsu, malam ya ce abin ba shi da asali a addini, kuma ƙofar zargi ce, a bar ta a rufe. Ban ga laifin malam ba, gaskiya ya faɗa. Ga shi kuma a ƙasar mutane muke, a ga baƙo ya sunkuya a maƙabarta yana cusa ƙasa a leda, Allah kaɗai ya san inda zancen zai tsaya. Maigidana ya zauna a bakin gado ya haɗa kai da gwiwa, ya ce ta roƙi komai, ta roƙi idonsa, amma hannunsa ba zai iya wannan ba. Muka aika mata hular Baba da carbinsa da tsohon bargonsa na soja. Ta dawo da su ta hannun mai tasi, ko kwance ƙullin ba ta yi ba.

Ranar tafiyarta tana matsowa, ni kuma ba dabara. Na yi kuka har yara suka daina tambayata me ya faru. Wata safiya na ce bari in rage wanki ko zuciyata ta samu abin yi. A can ƙasan kwando na tarar da wata leda a ƙulle. Kaftanin da maigidana ya sa ranar jana'iza ne, ya tuɓe ya cusa a nan, bai ƙara waiwayarsa ba. Na buɗe famfo, na juya aljihu kamar yadda nake yi wa kowace riga, sai ƙasa ta zubo mini a tafin hannu. Fara-fara, mai ɗan tsakuwa. Na duba gwiwar wandon, ta daskare da ita, haka bakin hannun rigar. Shi ya shiga ramin ya karɓi mahaifinsa, gefen kabarin ya goge shi ta ko'ina.

Na kashe famfon. Na daɗe a tsugune da hannuna a dunƙule. Da maigidana ya dawo na shimfiɗa rigar a gabansa. Ya duba, ya gane.

Ya ce, "Ni ban ɗebo ba."

Na ce na sani.

"Allah ya ga ban ɗebo ba." Sai ya ƙara da cewa, "Riga ce. Mutum ya ba 'yar'uwarsa riga, ai ba laifi ba ne. Ko laifi ne?"

Na ce masa ban sani ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban sani ba. In kuskure muka yi, Allah ya san abin da ya kai mu, ya yafe mana. Na mayar da ƙasar cikin aljihun, na ninke rigar da wandon yadda ba abin da zai zube. Ba mu gaya wa Kawu ba. In ya karanta wannan ya ji, ya yi haƙuri.

Maigidana ya kai ni Al-Sadd amma ya kasa fitowa daga mota. Na hau ni kaɗai. Ɗakin Yaya duk an kwashe, akwatuna a ɗaure a tsakar ɗaki. Na miƙa mata, na ce rigar ƙanenta ce, wadda ya shiga kabarin da ita, ba a wanke ba. Ta warware a kan katifa. Ta sa hannu a aljihun, ta fito da shi, ta murza yatsunta tana kallo.

Ta ce, "Shi ya shiga ramin?"

Na ce shi ne.

"Da hannunsa ya kwantar da shi?"

Na ce da hannunsa, ya juya shi ya fuskanci alƙibla, ya sassauta ɗaurin likkafani, ya jingina kumatunsa da ƙasa. Sai ta ɗauki wandon, ta kifa fuskarta a kan gwiwar nan da ta daskare, ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar Juma'ar nan. Tana kuka tana magana da yaren uwarta, ban ji ko kalma ɗaya ba sai Papa. Na rungume ta, ba ta ture ni ba.

Da ta lafa ta share fuska, ƙasar ta yi mata fari a goshi. Ta tambaya yana ina, na ce yana ƙasa a mota, kunya ta hana shi hawowa.

Ta ce, "Ban yafe ba, matarmu. Kada ki je ki ce na yafe."

Na ce ba zan ce ba.

Ta ninke rigar ta sa a jakar hannunta, ba a akwati ba. Na tambaye ta ko za ta dawo, ta ja zip ɗin jakar. Ta je taga ta leƙa titi, ta daɗe tana kallon motar. Sannan ta ce, "Ki ce wa ƙanena ya hau ya sauke mini kayan nan. Sun fi ƙarfina."

Shi ya kai ta filin jirgi. Ta isa lafiya, wannan kaɗai muka sani.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, tsohon soja, mai gadin ƙofar mutane, uban 'ya'ya. Ka yafe masa abin da ya gani da abin da aka sa shi ya yi a cikin ruwan nan, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka ba Umma haƙurin rashinsa. 'Yarsa kuma, ya Ubangiji, kai ka san inda take zaune yanzu da abin da ake faɗa mata a kanmu. Ka sassauta zuciyarta, don mu ba mu da sauran bakin da za mu roƙe ta da shi.